Sunan da Ba Na Faɗa

Ina cikin takaba maganar takardun nan ta kai inda ta kai, shi ya sa duk lokacin da na tuna ta, ɗakin nake fara gani kafin komai: labulen da ba a ɗagawa, tabarma a bayan ƙofa, butar Malam a inda ya bar ta. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata ce take rubuta mini wannan, wadda duk unguwarmu ta Sintali ke kira Sista saboda aikin jinyar da ta yi har ta yi ritaya. Ina faɗa tana rubutawa. In kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira. Yakan zo kuwa, ba na kuma ɓoye shi, don ban ga wanda zan ɓoye wa ba.

Malam mijina ne. Allurar shanu ce aikinsa a gwamnati, ya zagaye rugagen ƙasar nan a kan babur har gwiwoyinsa suka gaza. Tun ranar da aka kawo ni gidansa daga Lau ban taɓa kama sunansa ba. A wajenmu mace ba ta yi. Semteende muke ce wa abin da Fulatanci, Hausawa su ce kunya, amma kalmar kunya ba ta ɗauke shi duka ba. Ba tsoro ba ne, don Malam ko kaza ba ta tsoronsa. Kamar zanen da uwa ta bar miki ne, kina da shi, kin san yana ƙasan akwati, ba kya ɗaura shi zuwa kasuwa. Akwai wani mahauci mai irin sunan. Shekara da shekaru in zan aika a sayo nama sai in ce a je wurin mai sunan Malam, kowa kuma ya gane.

Ɗa namiji guda Allah ya bar mana. Da matarsa ta haihu, sai ya sa wa yaron sunan ubansa, wato Malam. Ranar suna, da labari ya shigo cikin gida, mata suka yi ta guɗa suna tsokana ta, wai yau an ɗaure mini baki, za su ga yadda zan kira jikana. Malam ne ya warware. Ya karɓi jaririn ya dube shi ya ce, "Sannu da zuwa, takwara." Shi ke nan. Gida ya ɗauka, unguwa ta ɗauka. Ni ma na sami abin kira.

Yaron bai fi yaye da yawa ba ubansa ya rasu a hatsarin mota. Uwar ta koma wurin danginta can ƙetaren iyaka, ta yi aure, daga baya muka ji ita ma Allah ya yi mata cikawa. Takwara ya zama namu, ni da Malam. Da ya isa shiga firamare Malam yana rangadin allura, sai ya bi yaran maƙwabta ya tafi. Malamar ajin mutumiyar kudu ce, mace mai kirki, Hausarta ta ciniki ce kawai. Ta tambaye shi sunansa, ya faɗa mata abin da ya san ana kiransa, ta rubuta Takwara, ta ɗora sunan ubansa a baya. Da Malam ya ga katin sakamako sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ai gaskiya ta rubuta." Haka sunan ya bi yaron daga aji zuwa aji, daga jarrabawa zuwa jarrabawa, har jami'a, inda ya karanta kiwon dabbobi saboda kakansa.

Sunan yanka kuwa yana nan a takardar haihuwa, wadda ubansa ya karɓo tun yana jariri. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa, da fasfo daga baya, takardar haihuwa suka nema, abin da ke cikinta suka rubuta. Babu wanda ya taɓa jera takardun wuri guda ya duba su. Me zai sa a jera?

Lokacin sabuwar masara ya gama jami'a. Kiran bautar ƙasa bai fito ba, yana zaune. Sai wani malaminsu ya nuna masa wata hanya: ana zuwa Amurka koyon aiki a gonar shanun madara, shekara guda, a dawo. Wata rana da la'asar ya zaunar da mu a gindin mangwaro ya yi mana bayani. Ba karatu ba ne, ba kuma aikin zama ba ne, koyon aiki ne. Akwai wata ƙungiya a can da za ta tsaya masa. Ita za ta duba shi, in ta yarda ya cancanta ta ba shi wata takarda, sai da ita ne ma zai iya neman ganawa a ofishin jakadanci. Ni na sa mata suna uwar takardu, don na ga duk sauran ita suke yi wa hidima. Kafin ta fito sai ya aika shaidar gama karatu, da fasfo, da tsarin abin da zai koya a gonar wanda shi da mai gona da ƙungiyar za su sa wa hannu, da takardar da za ta ɗauki nauyin jinyarsa in ya yi rashin lafiya. Sai kuma sun yi hira da shi da Turanci a waya, suna ganin fuskarsa. Akwai sharaɗi guda da ya maimaita mana sau biyu: dole ya fara kafin shekara ta zagayo daga gama karatunsa. In ta zagayo, wannan ƙofar ta rufe.

Na ce, "To mijin nawa, haka za ka tafi ka bar amaryarka?"

Ya ce, "Tsohuwa, ai kin ƙi ni tun tuni, kin zaɓi mai furfura."

Malam ya ce, "Ta san mai noma mata."

Ranar da aka yi hirar, a ɗakin Malam ya zauna don nan ne waya take kamawa. Ya sa farar riga a sama, a ƙasa gajeren wando. Ni aka ɗora wa tsare zakara kada ya yi cara. Ya ci hirar. Gonar ta sa hannu. Shaidar gama karatu ce ta ɗauki lokaci kafin ta fito daga makaranta, sai da rani ya yi nisa. Da ta fito ya aika, muka zuba ido.

Amsar da ta dawo ita ce, mutum biyu suke gani. Wanda ya yi karatu sunansa daban, mai fasfo sunansa daban. Takwara ya je kotu ya yi rantsuwa da kansa cewa shi ne duka biyun, ya aika. Suka ce sun gani, amma tun da sunayen ba su ko yi kama ba, suna son rantsuwar babba, uba ko uwa ko wanda ya riƙe shi, wanda ya halarci raɗin suna ya kuma san yadda ɗayan ya samo asali. Malam ya sake yin dariyar nan tasa. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Ni ne asali, kai ne kwafi. Bari zazzaɓin nan ya sake ni mu je."

Zazzaɓin bai sake shi ba.

Sista, dakata.

To. Rubuta cewa an yi jana'iza, an yi zaman makoki, mutane sun watse. Ni na shiga ɗaki. Na cire 'yan kunne, na ajiye kwalli da turare, na ɗaura tsohon zane guda. Tsofaffin unguwa suka yi ta kawo mini dokoki, wannan ta ce kada in ɗaga murya, waccan ta ce kada in taka tsakar gida ba takalmi, wata ta kawo mini 'yar wuƙa ta ce in riƙa ajiyewa kusa. Ban yi musu da kowa ba. Ba ni da ƙarfin musu, kuma gaskiya ɗakin ya yi mini daidai. Duniyata ta koma tabarma da taga. Ta tagar nan nake ganin 'yar gonar bayan gida da kan dutse daga nesa. Da ruwan farko ya sauka Takwara ya shuka masara a wurin, kamar yadda kakansa yake yi. Bai ƙara ta da maganar tafiya ba. Yana ɗebo ruwa, yana share gida, yana sayo mini magani, da yamma ya zauna a bakin ƙofata yana latsa waya. Wasan da muke yi ya mutu. Ban iya ce masa mijina ba kuma, kalmar ta yi nauyi.

Masara ta kai gwiwa lokacin da ƙanin Malam ya zo daga Lau da busasshen kifi. Baffan Lau duk muke ce masa. Shi ma yana wurin raɗin sunan, yana da katinsa, rantsuwarsa za ta yi. Ina bayan labule na ji Takwara ya roƙe shi a tsakar gida.

Baffan ya ɗaga murya don in ji. "Yaya, kina ji ko? Ni ban ƙi yaron nan ba. Amma ba zan ɗora hannu a kan Alƙur'ani in buɗe masa hanya ba, kabarin yayana ko ciyawa bai yi ba. In ya tafi wa zai ɗebo miki ruwa? Wa zai kwana a zaure?"

Takwara ya ce, "Baffa, shekara guda ce fa. Dokar ma ta ce sai na dawo."

"Shekara guda! Wa ka taɓa gani ya sha madarar Bature ya dawo neman nonon Lau? Shanu kake son gani? Zo in nuna maka shanu, ba fasfo ba rantsuwa, har kashinsu ka kwashe in kana so."

"Naku ai ƙwarya guda ake tatsa ana yi musu kirari."

"Ka ji mara kunya. Yaya, ki yi masa magana."

Mai takaba ba ta ɗaga murya, na fake da wannan. Abin da na ji a raina shi ne sanyi, kamar an sauke mini tulu. Wani ya faɗi abin da nake so ba tare da na buɗe baki ba. Baffan ya koma Lau da yamma, ya bar kifi.

Sista ce ta zo ta tayar da ni. Tun rasuwar kullum sai ta leƙo, ranar Lahadi ma daga coci nan take fara biyowa da kayanta na ado, ta zauna a bakin tabarma ta auna mini jini. 'Yar ƙabilar Kona ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Yanzu ma ta ce in bari ta gyara maganarta a rubuce, na ce a'a, ta sa yadda take faɗa.

Ta ce, "Mama, kai kana ganin yaron nan kuwa? Yana bushewa kamar kuɓewa a rana."

Na ce, "Rashin kakansa ne."

"Rashin kakansa ɗaya, takarda biyu. Mutanen sun sake rubuto masa. Sun ce in rantsuwa bai zo da wuri ba, ba za su iya fitar da takardan kafin shekaransa ya cika ba, gona zai ɗauki wani. Ya hana ni faɗa maka. Ni kuma ban iya riƙe magana ba, kai ka sani."

"To ni me zan yi? Ina ɗaki."

"Kai ne ka riƙe shi. Kai kana wurin suna. Saura kai kaɗai."

Na ce mata takabata ba za ta ƙare ba sai an cire masara, shekararsa kuwa da sabuwar masara take cika. Ta ce ita ba ta san dokarmu ba, amma ta san gidan liman. Ta je ta turo mini matarsa. Matar liman ta zauna ta yi mini bayani a hankali: mai takaba tana iya fita da rana in akwai larura, ba ado ba ƙamshi, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ta ce ta tambayi liman, ya ce shaida a gaban hukuma larura ce. Na so a ce ta ce mini haramun ne. Na yi mata godiya.

Sai Sista ta kawo sauran maganar. Ta taɓa raka wata kotu, ta san yadda ake yi. Wanda ya iya karatu karantawa yake yi ya sa hannu. Wanda bai iya ba, sai an karanta masa da harshen da yake ji, a tambaye shi ya faɗa da bakinsa, sannan ya dangwala yatsa.

Na ce, "In faɗi me?"

"Sunan yaron. Na yanka."

Na ce ba zai yiwu ba. Na ce zan ce mai sunan Malam. Ta ce alƙalami bai san Malam ba. Na ce to ita ta faɗa ni in gyaɗa kai. Ta ce, "Ni ba ni ne mai rantsuwa ba, Mama. Ranar suna ina asibiti ina karɓan haihuwa."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina zaune ina kallon masara tana tsawo, kamar da gayya take yi. Kowace safiya ta ƙara. Da rana in Takwara ya fita nakan rufe ƙofa in gwada. In buɗe baki, harshe ya tashi, sai sunan ya ƙi fitowa. Mutumin da na zauna da shi tun gashina yana baƙi, na haifa masa, muka binne 'ya'ya tare, ban kira shi ba ko ranar da yake jan numfashin ƙarshe kansa a cinyata. Ranar ma Malam na ce. Yanzu in je in kira shi a gaban baƙi, yana ƙarƙashin ƙasa, don mutanen da ban taɓa gani ba su gamsu? Wani lokaci kuma sai in tambayi kaina, shin semteende ce take riƙe mini baki, ko tsoron zauren da ba kowa? Na kasa raba su. Har yau ban raba su ba.

Abin da ya fitar da ni ƙaramin abu ne. Wata safiya na leƙa ta taga na ga Takwara a cikin masarar, ya durƙusa yana cire ciyawa, ya sa tsohuwar hular Malam ta rangadi. Ya ɗago ya dafa ƙugu yadda tsofaffi suke yi. Yaro ne, ko gemu bai cika ba. Na ga shi ma takaba yake yi, tasa kuma ba ta da ranar fita.

Na kira shi. Na ce, "Gobe ka nemo keke."

Bai tambaye ni ina za mu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaka, ba dole ba ne."

Na ce, "Na ji. Ka nemo mai labule."

Mu uku muka tafi, ni a tsakiya, na lulluɓe har goshi. Rabona da titi tun kafin ciwon Malam. Hasken ya yi mini yawa, ƙarar ta yi mini yawa, masu gasa masarar fadama har sun fara fitowa bakin hanya, na kawar da kai. An riga an buga takardar a wani shago kusa da kotun. Muka shiga wani ofis mai benci biyu, mutane cike, fanka tana kuka a sama, janareto yana kuka a waje. Mai rantsarwar mutum ne mai tabarau, ba ɗan nan ba ne, amma ya iya Hausa. Da layi ya zo kanmu ya dubi katina, ya dubi fuskata, ya ce Allah ya jiƙan mai gida, sannan ya karanta mini takardar. Sunan ya fito daga bakinsa kamar yana cewa gishiri. Har sau uku.

Ya ce, "To Mama, kin ji. Yanzu faɗa mini, wane suna aka raɗa wa yaron nan?"

Na ce, "Wanda ka karanta."

"Ni na karanta, amma ke ce shaida."

"Sunan kakansa ne."

"Kakansa wa?"

Wani saurayi a benci ya ce, "Oga, Fillo ce fa. Ko za a kwana nan ba za ta faɗa ba." Aka yi dariya. Wata dattijuwa mai kwando ta ce masa, "Rufe baki, uwarka tana kiran ubanka da suna ne?" Ya ce, "Har da na makaranta." Aka sake yin dariya. Sista ta juya ta yi musu kallon asibiti, suka yi tsit.

Mai tabarau ya cire tabaransa. Ba mugu ba ne. Ya ce, "Mama, a garinmu ma tsofaffi haka suke. Amma ina sa hannu ne cewa na ji da kunnena. In ban ji ba, ƙarya na rubuta."

Takwara ya taɓa gefen mayafina ya ce, "Kaka, tashi mu tafi. Wallahi na haƙura."

Da ya ce in daure, wataƙila da na tashi. Na haƙura ɗin nan ce ta zaunar da ni. Na dafa teburin na faɗa.

Mai tabarau ya karkato kunne. "Ban ji ba, Mama. Injin nan."

Na sake faɗa, da ƙarfi, yadda ake kiran mutum daga bayan gida abinci ya sauka. Sunan ya fito baƙo a bakina, kamar kalmar wani yare. Sai na samu kaina ina jira. Wallahi jira na yi. Duk wanda aka kira ai yakan amsa. Mai sunan na farko yana maƙabarta. Na biyu yana tsaye a gefena, bai ko motsa ba, don tun da aka haife shi ba a taɓa kiransa da shi a gida ba, bai san da shi ake ba. Fanka ta ci gaba da kukanta. Mutumin ya kama babban yatsana ya dangwala a tawada, ya danna a takarda, ya buga hatimi, ya ce, "Na gaba."

A cikin keke na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Mai keken ya kashe waƙarsa. Sista ta riƙe hannuna, tawadar ta ɓata mata farar riga, har yau tana yi mini gorin ta.

Tun a ƙofar kotu Takwara ya ɗauki hoton takardar ya aika. Na koma ɗaki. Masara ta yi bunu kafin amsa ta zo. Sun karɓa. Uwar takardu ta fito, ya je shago aka buga masa, ya kawo mini ya nuna mini inda sunan yake. Na ga 'yan ƙananan baƙaƙe a jere kamar tururuwa. Na ce ya sa a leda kada ruwa ya taɓa.

Ya tafi Abuja ganawa. Da ya dawo na tambaye shi me suka ce. Ya ce wata mata ce a bayan gilashi, ta tambaye shi abin da zai koya, ya faɗa. Ta tambaye shi me zai dawo da shi gida in ya gama. Ya ce mata yana da bautar ƙasa a gabansa, yana kuma da kaka wadda ba ta da kowa sai shi.

Na ce, "Au, da ni ka yi jingina?"

Ya ce, "Ai ke ce kadarar gidan, tsohuwa."

Wannan ne wasa na farko da muka yi tun rasuwar. An ba shi izinin shiga ƙasar.

Ya tafi ana saura kaɗan shekarar ta cika. Da safe ya karyo masarar farko daga bayan gida, Sista ta gasa masa ya tafi da ita a takarda. Baffan Lau ya zo, bai ce komai a kan tafiyar ba, ya ɗauki jakar ya kai keke da kansa. Ni ban raka shi tasha ba. Takabata ba ta ƙare ba, rakiya kuma ba larura ba ce. An yarda in fita in buɗe masa ƙofa, ba a yarda in tsaya a bakinta in ga tafiyarsa ba. Iyakata ƙofar ɗaki. Ya durƙusa, na dafa kansa, na yi masa addu'ar da ta zo bakina. Na ji ƙarar keken har ta sha kwana.

An cire masara, na fita takaba. Aka yi sadaka, aka yi mini kitso, mata suka ce to yanzu sai ki riƙa fitowa kina shan iska. Nakan fito tsakar gida. Amma ina za ni? Baffan ya turo wata jikarsa bazawara tana kwana da ni, mutumiyar kirki ce, sai dai ba ta san inda komai yake ba, ni kuma na gaji da nunawa. Yawanci ina ɗakin. Labulen ma na saba da shi a sauke.

Yakan kira a wayar Sista ranar Lahadi da yamma, lokacin su can rana ba ta daɗe da fitowa ba. Ya yi ƙiba kaɗan. Ya ce inji ne yake tatsa, saniya guda tana cika abin da garken Baffa ba zai cika ba, in gaya masa. Ya ce sanyi ya fara. Na tambaye shi yadda suke kiransa a can. Ya yi 'yar dariya ya ce abin da ke fasfo, ba su san wani Takwara ba.

Lahadin da ta wuce muna cikin magana, yana tsaye a wani dogon ɗaki shanu a jere bayansa, sai na ji muryar wata mata daga nesa ta kira sunan. Ta lanƙwasa shi, ta cinye rabinsa, amma shi ne. Kafin in ce wani abu na ga ya juya da sauri, ya ɗaga hannu, ya amsa mata da Turanci. Sannan ya dawo da fuskarsa ya ce, "Kaka, ana nemana, sai wani makon."

Wayar ta yi baƙi. Na riƙe ta a hannu har Sista ta karɓa.

Watannin da suka rage masa ba na ƙirga su, masara nake jira. In ruwa ya sauka zan sa a shuka bayan gida. Ya ce kafin ta nuna yana nan. Baffan Lau ya ce mu gani.

Sista tana tambayata ko ta sa sunan a nan, ko sau ɗaya, tun da ta ji shi da kunnenta kuma takarda ce ba baki ba. A'a. Na faɗa sau biyu, an buga hatimi. Ki bar wurin haka.